Patishaptar Baba Mizan

Ku gyara zama, ga wata shari'a da ni kaina na kasa yanke ta.

A Kakuri ta Kaduna an yi wani tsoho, Baba Mizan, mutumin Bangaladash. Gyaran injin masaƙa ya kawo shi tun yana saurayi, ya auri Bahaushiya, ya zama ɗan gari. Matar ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata uku, Barira da Saude da Uwani. Wata shekara ya kwanta ciwo, ya kafe ba ya cin komai. Likita ya ce in aka ƙara kwana uku a haka, sai dai haƙuri. Shi kuwa magana ɗaya yake maimaitawa: a ba shi patishapta, wani abin zaƙi da mahaifiyarsa ke yi lokacin girbin shinkafa. Cikin 'ya'yan babu wadda ta taɓa ganin abin, hankalinsu ya tashi ƙwarai.

Barira, babbar, ta yafa mayafi ta bazama. Tun hantsi take bin gidajen tsofaffin ma'aikatan masaƙa, wannan ya tura ta can, wancan ya ce bai taɓa ji ba. Da ƙyar ta dace da wata tsohuwa da ta taɓa yi wa mutanen ƙasar su Baba girki. Tsohuwar ta ce, "'Yata, ƙullin shinkafa ne da madara. A soya shi siriri, a zuba masa kwakwar da aka dafa da zaƙin dabino, a naɗe kamar tabarma." Barira ta dawo da la'asar, ƙafa a kumbure.

Saude gwanar sinasir ce, har biki ake ɗaukar ta. Tana jin shinkafa ta ce, "Haba Yaya, ai sinasir ne kawai aka ba shi babban suna!" Ta zuba yis, ta bar ƙulli ya tashi. Abu ya fito da kauri ga tsami, ana naɗewa yana karyewa. Ta sake, ya sake karyewa, har ta zauna ta yi tagumi. Can ta zubar da gwanintar, ta jiƙa sabuwar shinkafa, ta bar yis, ta ƙara ɗan fulawa, ta tsinka ƙullin. Zaƙin dabino babu shi a garin, sai ta narka mazarƙwaila. Wannan karon ya naɗu lafiya lau.

Aka jera a faranti aka kai wa Baba. Ya kalla, ya juya fuska bango. Barira ta ce Saude ce ta ɓata, Saude ta ce tsohuwar ce ta ruɗe, aka rasa na kamawa.

Uwani, autar, ko shayi ba ta iya haɗawa ba. Amma ita kaɗai ke zama ta saurari tsofaffin labaran Baba da kowa ya gaji da su. Ta tuna ya ce bai taɓa cin abin nan a faranti ba: tsugunawa yake gefen murhu, mahaifiyarsa ta miƙo masa na farko, wanda ya yage, da zafinsa. Ta kinkimo kurfoti ta ajiye a ƙofar ɗakinsa, ta ce, "Yaya Saude, soya a nan." Ƙamshi ya cika ɗakin. Na farko ya yage, Uwani ta ɗauki yagaggen da zafinsa ta sa masa a tafin hannu.

Tsoho ya ci. Ya tauna a hankali, hawaye na zuba, ya ce, "Wannan ba patishapta ba ce, ko kusa. Ƙaro min." Sai da ya ci shida.

Da ya miƙe, ya buɗe akwatinsa ya ciro wani ɗan kaskon ƙarfe, na mahaifiyarsa, wanda ko matarsa ba ta taɓa gani ba. Ya ce, "Wadda ta tashe ni, nata ne." Ya dubi Barira, ya dubi Saude, ya dubi Uwani, hannunsa ya tsaya a sama. Kasko dai ba ya rabuwa uku.

To, ku da kuke da kai, a hannun wa zai ajiye shi?