Mai Garmar da Ya Ratse Hanya

Akwai wani mutum mai shanun huɗa biyu da garma, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Mai bi ne na ƙwarai, kuma duk ƙauyen an san shi da hali ɗaya, ba ya makara. In ya ce maka da hantsi, to da hantsi za ka ga shanunsa a bakin gonarka. Shi ke buga ƙararrawar addu'ar safe. Ran Talata yana zumuntar maza, ran Alhamis yana koyon waƙa, ko da yake muryar tasa sai haƙuri, ran Asabar kuma da shi ake fita shaidar bishara. Matarsa Rahila takan ce, "Maigida, ko ni in ina son hira da kai sai na zo na kama rana." Sai ya yi dariya, don shi yabo ya ɗauki maganar.

In damina ta faɗi, masu gonaki sukan zo ƙofar gidansa kowa ya kama ranar da za a yi masa huɗa. Shi kuwa ba ya son ganin rana tana zaune ba mai ita. A wannan shekara, kafin ruwa na uku ya sauka, ya riga ya rabar da mako uku cur, safe da yamma, ko rabin wuni bai rage wa kansa ba.

Ran nan aka wayi gari an sha ruwa, ƙasa ta yi laushi. Ranar gayyar gonar ikkilisiya ce, kuma shi ake jira ya ja kunyar farko. Ya ɗaura wa shanu karkiya, ya kama hanya da sauri.

A bakin hanyar akwai gonar Baba Jatau, wani tsoho da ya daina zuwa sujada shekara bakwai, tun da ya yi rigimar iyakar gona da wani dattijon ikkilisiya. Ɗansa da ke yi masa noma ya rasu da kaka. Gonakin maƙwabta duk dawa ta tsira, tasa kuwa fili ce fetal. Tsohon ya ja 'yan kunyoyi uku karkatattu da hannu, ya zauna a kan ta ukun yana haki, galmar hannu a kwance a gabansa.

"Sannu da aiki, Baba," in ji mai garma.

"Yauwa, ɗana. A sauka lafiya."

Bai roƙi kome ba. Mai garma ya wuce, yana ta laluben ranar da zai ba shi. Gobe da mai ita, jibi da mai ita, gata ma haka. Ranar farko da ba kowa a kanta tana bayan mako uku, kuma kowane manomi ya san dawar da aka shuka a lokacin kara kawai za ta yi. In ba a huɗe gonar nan a danshin yau ba, tsohon ba shi da abinci bana.

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. A can mutane na jira, ga sunan da ya yi shekara goma sha biyu yana ginawa. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don yana ƙaunar sunan nan. Ya ja dogon numfashi, ya juya kan shanu.

"Baba, tashi ka koma inuwa."

"Ai ban kama rana a wurinka ba, ɗana."

"Yau ce taka."

Ya kafa garma, ƙasa ta fara juyewa baƙi ƙirin. Rana ta ɗaga sosai sai ga Dattijo Habila, shugaban gayyar, ya zo nemansa yana huci.

"Ashe nan kake! Ka bar aikin Ubangiji a can, mutane sun tsaya kamar marasa abin yi."

Mai garma ya share gumi. Ya ce, "Dattijo, na yi laifi da ban aika muku ba, ku gafarce ni. Amma a can hannu arba'in ne. A nan biyu ne, su ma rawa suke yi. Ba zan kwance shanun nan ba sai na kai ƙarshen gonar."

Dattijo Habila ya dubi kunyoyin nan uku karkatattu, ya dubi tsohon a gindin ɗorawa. Can sai ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya ce, "Baba, ina irin yake?"

Kafin rana ta yi tsaka an huɗe gonar, an shuke ta. Gonar ikkilisiya kuwa da hannu aka huɗe ta, sai yamma lis aka gama, kuma an sha gunaguni. Daga ranar ba a ƙara cewa mai garma ba ya makara ba. Amma da kun ga yadda ya koro shanunsa gida, kai a sama, laka har gwiwa, da kun ce sarauta aka naɗa shi.

Abin da ya cika masa zuciya shi ne maganar da tsohon ya yi sa'ad da za su rabu. Baba Jatau ya riƙe hannunsa, ya ce, "Shekara bakwai ƙeyarku nake gani kuna wucewa da sauri zuwa wurin Allah. Na ɗauka a can kuka ajiye shi. Ashe yakan ratso nan ma."

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Mai garma shi ne kowane mai bi da ya ba da kansa ga hidima. Ranakun da aka kama su ne tarurrukanmu da ayyukanmu, kuma masu kyau ne, kada wani ya fita daga nan ya ce an ba shi izinin karya alkawari. Kuskuren mutumin nan shi ne ya rabar da kwanakinsa duka, har da Allah ya zo da nasa aikin bai sami wuri ba, sai da aka ture wani. Da ya bar ko wuni ɗaya a sake, da ba wanda ya tsaya jira.

Danshin ƙasa kuwa shi ne zarafin da Ruhu Mai Tsarki yakan buɗe, wanda ba ya jiran mako mai zuwa. Ubangijinmu ma yana cikin tafiya da taro makaho ya kira shi, ya tsaya. Ni ina alfahari da mai garman nan, domin da ranar ta zo ya yarda sunansa ya taɓu don tsoho ya ci abinci.

Saboda haka ku rage wa makonku wuri, ku bar wa Allah sa'ar da ba ku ce masa ga abin da zai yi da ita ba. Kowannenmu akwai wanda ke zaune a bakin hanyarsa ta kullum, wanda ƙeyarsa kaɗai ya sani. Gobe ka tsaya ya ga fuskarka.