Ƙwayar da Khaulat Ta Hana Matar Wanta

Akwai wata budurwa a Azare mai suna Khaulat, wadda ƙuraje suka cinye wa fuska. Manya ne, masu ruwa, har suna barin tabo. Da man shafawa ya gaza, sai likitan fata ya rubuta mata ƙwayar isotretinoin, bayan an gwada jininta.

Ya ja mata kunne: leɓe zai bushe, ta guji zafin rana, kada ta ba da jini. Abu mafi girma, kada ta sam wa kowa, domin ƙwayar tana nakasa ɗan da ke ciki.

Da farko fuskar ƙara lalacewa ta yi, leɓenta ya tsattsage. Zulaiha, amaryar wanta Hussaini, ta samu abin dariya.

"Wannan magani ne ko horo? Kalli baki kamar fadama da rani!"

Bayan 'yan watanni fuskar Khaulat ta yi sumul, a lokacin kuma ƙuraje suka feso wa Zulaiha.

"Khaulat, ɗan sam min ƙwayar nan."

"Anti, ba a bayarwa."

"Ko Panadol ne ai ana sam wa juna a gidan nan."

Khaulat ta riga ta lura da yawan barcin Zulaiha da tofar da yawu. Sai ta rage murya: "Anti, kina da ciki?"

Zulaiha ta miƙe zumbur. Cikin fari ne, irin wanda kunya ke sa a ɓoye wa dangin miji har sai ya bayyana kansa.

"Ke! Ni za ki yi wa wannan tambayar? Marar kunya, marowaciya! So kike ke kaɗai ki yi kyau!"

Hajiya, mahaifiyar Khaulat, ta fito daga ɗaki.

"Wace irin fitsara ce wannan? Ba ta maganin!"

"Hajiya, wallahi ba zan bayar ba."

Hussaini ya dawo daga kasuwa ya yi wa Khaulat tatas. Aka daina amsa gaisuwarta. Ita kuwa ko makewayi za ta, da jakar maganin take shiga.

Zulaiha ta tsinci tsohon kwalin a shara. Ranar da ta saci jiki ta tafi awo, ta nuna wa likita, tana so a rubuta mata nata don ta huce haushi.

Likitar ta dubi kwalin, ta dube ta.

"Kin sha?"

"Hana ni aka yi."

"To ki gode wa Allah, ki gode wa wanda ya hana ki. Wannan yana iya taɓa zuciyar jariri da ƙwaƙwalwarsa, ko cikin ya zube."

Zulaiha ta dawo gida ta ɓoye abin da likitar ta faɗa mata. Girman kai bai bar ta ta ba da haƙuri ba.

Da ta haihu, ranar suna, gida cike da mata, ta ratso su da jaririya lafiyayya, ta dangwara ta a cinyar Khaulat.

"Karɓi 'yarki, marowaciya."

Darasi: Maganin da likita ya rubuta maka naka ne kai kaɗai. Gara a kira ka marowaci da ka zama sanadin nakasar jariri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman amare da masu juna biyu.