Wayar da Sabiru Bai Taɓa Dubawa Ba

Akwai wani direba a tashar Daura mai suna Sabiru. Motarsa ƙyalli take kamar faranti, don kullum sai ya buɗe bonet an feshe injin da ruwa. In ya wuce tsohuwar motar Malam Amadu, wani dattijon direba, sai ya ɗaga hanci: "Baba, wannan akwalar sai a kai ta gidan tarihi."

Malam Amadu ya ce, "Yaro, ruwan nan da kake ɗura wa injin, ka riƙa duba wayar at. Ita ke haɗa injin da jikin mota, wuta ta koma batir. Tsatsa na cinta."

"To, Baba injiniya."

Ba a jima ba motar Sabiru ta fara ba da matsala. Fitila ta dusashe, a murɗa makulli ta ce kyat, kyat, kamar kaza ta haɗiyi tsakuwa. Sabiru ya nufi shagon Nwafor mai kayan gyara ya ce a ba shi sabon batir. Nwafor ya ce, "Maigida, batirinka lafiya lau. Duba at."

"Kai ma ka zama Baba Amadu? Miƙo."

Ranar da aka kira maniyyata, shi ya ɗauko Malam Sada, mahaifin Hadijatu da yake nema, daga garin Babban Mutum zai kai shi sansanin alhazai a Katsina. A Sandamu suka tsaya sallah. Da suka dawo, kyat, kyat. Shiru.

Malam Sada ya duba agogo, ya dubi Sabiru. "Ɗana, jirgi ba ya jiran mutum."

Sai ga akwalar nan tana tafe. Malam Amadu ya tsaya, ya kwance wayar da sifana. Bakinta ya yi kore, ƙasan notin duk tsatsa. Ya kankare, ya ɗaure tam, ya shafa giris. Murɗa ɗaya ta tashi.

Sabiru ya buɗe wa Malam Sada ƙofa: "Baba, bismilla."

Ashe Malam Sada ya riga ya mai da jakarsa cikin akwalar. Ya leƙo ya ce, "Nan ma ya isa. Kai ka biyo mu a baya, ka ci gaba da sheƙi."

Darasi: Ka kula da abin da ba a gani kafin abin da ido ke gani, kuma kar ka raina mai ba ka shawara. Direbobi, ku duba wayar at ɗinku. Ku tura wa Sabirun unguwarku.