Ciwon Abokin Sarki

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa mai zurfin rijiyoyi, wanda bai taɓa fashin zaman shari'a ba sai shekarar da mahaifiyarsa ta rasu. Aka yi makoki, aka yi sadakar arba'in, baƙi suka watse. Sarki ya koma kan karaga, kowa yana yaba haƙurinsa.

Ran nan yana cikin sauraron ƙara, sai ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku. Numfashi ya tsaya masa a maƙogwaro, gumi ya keto ta ƙarƙashin rawani, ya tabbata a ransa ajali ne ya zo. To, a fadar nan ba a ganin sarki yana atishawa ko yana gyara rawani. Da ya motsa, dogarai za su baza manyan rigunansu su kāre shi. Haka suka yi. A bayan riguna sarki ya mutu ya dawo, su kuwa suna ta faɗin, "Lafiya, Zaki." Da abin ya sake shi ya ce a tashi, sai gobe.

Goben ta zama jibi, jibin ta zama wata huɗu. Abin yakan zo ba sallama, har tsoron zuwansa ya fi zuwan nasa wahala. Tuwo ya koma masa kamar dusa a baki. In ya bi ta ƙofar ɗakin tsohuwarsa ya hangi randarta a kife, sai ya tsaya ya manta inda za shi. Masu ƙara kuwa suka taru a ƙofar fada. Cikinsu har da wata tsohuwa, Tabawa, da maƙwabci ya cinye mata iyakar gona. Ga damina ta ƙarato, kuma ba ta da ikon shuka sai an raba gardama.

Sarki ya kira waziri a keɓe, ya ce yana da wani aboki a wani gari mai nisa wanda abu kaza da kaza ke damunsa, me waziri ya gani? Waziri ya dubi ƙasa, ya tambaya ko abokin nan babban mutum ne. Sarki ya ce a'a, wani ne dai. Waziri ya ce to Allah ya ba wani lafiya, ya fita ya tara masu magani. Na fari ya ce aikin maƙiya ne, ya ba da hayaƙi. Na biyu ya ce abokin ya ƙara aure. Na uku ya kawo jiƙo mai ɗacin da ko akuya ta shinshina sai ta yi tsaki. Sarki ya ce a ajiye, zai ɗanɗana wa abokinsa kafin a aika. Ya shanye ƙwarya guda saboda zumunci, bai samu komai ba sai gudawa.

Wata safiya, maimakon ya nufi zauren shari'a, sai ya zame ta bayan gida. Ya tarar ana yasar rijiyar fada. Wani tsoho mai suna Nomau na zaune a bakinta, ido a rufe, igiya na kwance a tafin hannunsa. Da ya ji takun sarki ya yi gaisuwa, amma bai miƙe ba, bai kuma saki igiya ba.

Sarki ya ce, "Kai tsoho, abokin aikinka na can ƙasa yana fama da laka, kai kana nan kana gyangyaɗi?"

Nomau ya ce, "Ya sarki, sauraro nake yi. A can ƙasa iska takan ɓaci. In ya ja igiya sau ɗaya, kwando ya cika. In ya ja sau uku, shi za a fitar."

Sarki ya tambaye shi wane ne ya fi gwaninta cikin masu yasa, ko wanda ya fi daɗewa a ƙasa ne? Nomau ya ce waɗannan ai duk an yi musu salla. Gwani shi ne mai ja da wuri. Ya ce a sana'arsu wanda aka fitar ba a tambayarsa dalili sai ya sha ruwa, kuma duk wanda ya yi masa dariya ba ya sake riƙe wa kowa igiya.

Sarki ya zauna a kan wani turmi da aka kife, abin da bai yi ba tun yana yaro, ya kawo labarin abokinsa. Nomau ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya wa ke riƙe wa abokin igiya. Sarki ya ce ai abokinsa na da mutum arba'in da ba sa barin ko ƙuda ya sauka a kansa.

"In abin ya zo, me suke yi?"

"Suna kāre shi, kada a gani."

"Ya sarki, mutum na ƙasa yana shaƙewa, arba'in sun taru sun rufe bakin rijiya da tsumma. Su ba su da laifi, ba wanda ya ja musu igiya."

Sai Nomau ya ce shi ma ya san abin. Shekarar da rijiya ta rufta da ƙanensa, a tsakiyar kasuwa abin yake kama shi, rana tsaka, ba rami ba laka. Ya ɓoye har ya rame, sannan ya gaya wa matarsa. Ita ta kai shi wurin wata mai magani a unguwar marina, wadda take yin tambaya kwana uku kafin ta ba da saiwa ɗaya. Ta koya masa ya zauna, ya fitar da numfashi a hankali kamar mai hura kunu, ya gaya wa na kusa da shi cewa ga shi ya zo. Damina biyu ya yi yana zuwa wurinta. Har yanzu abin yakan leƙo, amma ya san ba mutuwa ba ce, kuma yana wucewa.

Ya ƙara da cewa, "Ni mai igiya ne, ba mai magani ba. Abokin ya je wurinta da ƙafarsa. Kuma a gaya masa gefen rawaninsa na jan laka."

Sarki ya duba, ya ga haka ne. Ya yi dariya, ta farko tun makoki, dariyar ta ƙare da hawaye. Nomau ya kau da kai ya ci gaba da sauraron igiyarsa.

Washegari aka buɗe zaure, aka shigo da Tabawa da maƙwabcinta. Ba a kai rabin ƙara ba abin ya zo. Dogarai suka ɗaga riguna. Sarki ya tattara ɗan numfashin da ya rage masa ya ce, "Ku sauke."

Suka dubi juna, suka sauke. Fada ta ga sarkinta yana rawar jiki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya ce musu tun rasuwar tsohuwarsa ba shi da lafiya, zuciyarsa ce, kuma zai nemi magani. Yanzu dai a ba shi ruwa, a ɗan jira shi.

Waziri ya kawo ruwa da hannunsa, ya durƙusa, ya ce a hankali, "Ashe abokin ya iso. Da ya yi aike, da an tarye shi tun a hanya."

Tabawa ta gyara zama ta ce, "Ranka ya daɗe, huta. Na jira wata huɗu, numfashi goma ba zai gagare ni ba. Ni ma da na binne ɗana sai da na shekara ina jin tsoron ƙarar taɓarya."

Sarki ya hura kununsa har abin ya sake shi. Ya saurari shaidu, ya mayar wa Tabawa iyakarta, ya ji ƙara biyu bayan tata, ya ce sauran sai gobe. Goben kuwa ta zama gobe. Da la'asar aka ga sarki a unguwar marina, zaune a kan tabarma, tsohuwar mai maganin nan na yi masa tambayoyi yana amsawa kamar kowa.

A hanyar komawa waziri ya ce ai da an kira ta fada. Sarki ya ce, "Ya waziri, wata huɗu ina tsammanin ni kaɗai nake jinya. Sarkin da ya ɓoye ciwonsa, masu jiran adalci ne ke kwanta masa."