Babu Ko Ɗaya a Sara

Ya 'yan uwa, kun gani kun kau da kai. Kowannenmu ya san tsohuwar da take ɗora tukunya ta manta da ita, ko dattijon da ya fito daga masallaci ya kasa gane ƙofar gidansa. Me muka ce? Muka ce tsufa ne, muka wuce.

An yi wani mutum, ɗan Sara ta ƙasar Gwaram, ma'aikaci a wani ofishin lafiya a Birnin Kudu. Duk Juma'a yakan kai wa mahaifiyarsa, Inna Barira, goro da sabulu. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma haɗa ido da shi. In ya shigo sai ta ce wa ƙannensa, "Ku ba wancan ruwa."

Wata shekara gwamnati ta ware kuɗi don a binciki ciwon mantuwa, mai cin ƙwaƙwalwar tsofaffi. Za a bi ƙauyuka gida-gida a ƙidaya masu ciwon. In an same su, sai a buɗe musu ɗakin dubawa, a koya wa iyalai yadda za su kula da su. Aka damƙa masa kuɗin da takardun.

Wata nas mai suna Prisca aka sa yawon. Ta yi sati biyu a Kangire da Unguwar Ya, ta dawo da sunaye goma sha ɗaya. Ta nemi kuɗin man babur don ta shiga Gwaram, ya ce mata damina ta ɓata hanya. Kuɗin kuwa ya riga ya zama bulo da kwano a filinsa. Ya jefa sunayen nan a durowa don kada su jawo tambaya, ya cike takardun da hannunsa. Da ya zo kan Sara sai ya ce a ransa, ai garinmu ne, na san kowa. Ya rubuta: babu ko ɗaya.

Kwamitin sa ido ya zo. Suka ci shinkafa da kaza, suka buga hatimi. Ba wanda ya ce a kai shi ko ƙauye ɗaya ya gani. Gwamnati ta karanta rahoto, ta soke kason a kasafin shekarar da ta biyo. Wa zai ba da kuɗi don ciwon da aka ce babu shi?

Bayan shekara huɗu Inna Barira ta fara zuba gishiri a koko. Ta fara dama fura tana cewa za ta kai wa Malam gona, alhali Malam, mijin nata, ya shekara goma a ƙasa. Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ɗanta ya garzaya wurin Prisca yana tambayar inda ake duba irin wannan. Ba ta yi masa gori ba. Ta ɗauko kwafin rahoton ta ajiye a gabansa.

"Yallaɓai, ɗakin da aka so buɗewa ke nan," in ji ta. "Ga sa hannunka."

Ta ce kada a bar Inna ita kaɗai ko na minti ɗaya. Amma lokacin noma ne, kuma ba wanda aka taɓa koya wa wannan a Sara. Wata rana da hantsi gida ya watse gona, Inna ta ɗauki ƙwaryar fura ta fita.

Sai washegari da la'asar ɗan nata ya same ta a bakin fadama, ruwan sama ya jiƙe ta, ƙwaryar tana cinyarta. Ya tsuguna. Ta ɗago ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Bawan Allah, ko ka san Hadi?" ta ce. "Ɗana ne na fari. Babban ma'aikacin lafiya ne, shi yake kula da tsofaffi. Ka gaya masa ina nan."

Shekara arba'in da shida bai ji sunansa a bakinta ba. Ranar da ya ji, ba ta san shi take faɗa wa ba. Ya goya ta har gida. Sanyin ya shiga ƙirjinta, kwana uku ta cika.

Bayan sadakar bakwai ya kai kansa wurin hukuma ya faɗi abin da ya yi, aka sallame shi daga aiki. Gidan da ya gina yana nan, ya kasa kwana a cikinsa.

Ya 'yan uwa, shi kaɗai ne mai laifi? Masu hatimi fa? Mu da ba mu taɓa tambayar ina kuɗin tsofaffinmu ya shiga ba fa? Dukiyar jama'a amana ce, wanda ya ci ta bai san daga bakin wa ya cire ta ba. Allah ya jiƙan Inna Barira, ya karɓi tuban ɗanta, mu kuma Allah ya kiyaye mu da sa hannu a kan ƙarya.

Amin ba ta isa ba. Yau ka je ka zauna da tsohuwar gidanku. Gobe ka sami kansilan mazaɓarku, ka tambaye shi nawa aka ware wa ciwon mantuwa, kuma wa ya je ƙauye ya gani da idonsa. Kada ka tashi sai ya amsa.