Ranar da Saloma Ta Zaɓa

Akwai wata mata a garin Zuru mai suna Saloma, matar wani soja da ake kira Philip. Gidansu na can bakin gari ta hanyar Manga, inda idan damina ta zauna, farin gajimare kan sauko daga kan duwatsu da safe ya kwanta a kan gonakin dawa, har mutum ya ga kamar rumbuna na yawo a sama.

Saloma mace ce mai nisa cikin tunani. Sai ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon gajimare har miya ta kama a tukunya. Maƙwabta kan yi mata tsiya, su ce jikinta ne kawai a Zuru.

Da ba haka take ba. Cikinta na fari ne ya mai da ta haka. Ta sha doguwar naƙuda a gida, mata na ta ce mata ta daure, sai da ƙarfinta ya ƙare sannan aka kai ta asibiti a bayan a-kori-kura. Yaron ya zo, kyakkyawa mai yalwar gashi, amma bai yi kuka ba.

A shekarar da aka tura su Philip aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan, ya bar ta da wani cikin. Ya damƙa ta a hannun mahaifinsa, Baba Yari, tsohon soja da ya ajiye bindiga ya koma fartanya.

Da cikin ya tsufa, likita ya duba ta a wajen awo.

"Malama Saloma, ƙugunki matsattse ne, abin da ke ciki kuma ga alama babba ne," in ji shi. "Za ki iya gwada naƙuda a nan, mu sa miki ido. Ko kuma mu sa rana, mu yi miki aiki tun naƙuda ba ta zo ba. Aiki ba wasa ba ne, yana da nasa haɗarin, jinyarsa kuma ta fi tsawo. Amma da abin da ya same ki a baya, ni shi na fi natsuwa da shi. Ki je ki yi tunani. Zaɓi naki ne."

Ta dawo gida a ƙasa, a hankali, hannunta a kan cikin. Iska na kaɗa dawa hagu da dama kamar ruwan tafki. Tana tafe tana hira da wanda ba ta gani ba tukuna.

"Kai ko ke, ta wace ƙofa kake so ka shigo duniya?"

Cikin ya motsa. Ta yi murmushi ita kaɗai.

Ranar taron zumuntar mata a coci, Saloma ta miƙe ta roƙi a sa ta cikin addu'a, ta faɗi abin da likita ya ce, ta kuma ce zuciyarta ta fi karkata ga aikin.

 Sai Maman Goodness, shugabar zumuntar, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Mace ce ƙaƙƙarfa mai murya kamar ganga, wadda ta haifi 'ya'ya tara a ɗakinta, ba ta kuma gajiya da faɗin haka.

"Ikon Allah! Mace da ƙafarta ta je ta zaɓi wuƙa? Ni ranar da na haifi autana daga gona na dawo da itace a kai. Mu 'ya'yan dutse ne, ba a yanka mu kamar kabewa. Wannan ragwanci ne da ƙarancin bangaskiya. Wadda aka ciro mata ɗa ai ba ta haihu ba."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wasu suka sunkuyar da kai. A bencin baya, Goodness, ɗiyar shugabar, amarya sabuwa, tana zaune tana sauraron uwarta da ido waje.

Saloma ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta fita.

A gida ta tarar da Baba Yari a gindin ɗorawa yana ɓarar gyaɗa. Kallo ɗaya ya yi mata ya san an taɓa ta.

"Ɗiyata, zo ki zauna. Wa ya mutu?"

Ta durƙusa ta faɗa masa komai, tana kuka. Tsohon ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa har ta gama.

"Ni na yi yaƙi," ya ce. "Hanyar da aka taɓa yi mana kwanton ɓauna, ba ma sake bin ta don a kira mu jarumai. Kewayawa muke yi. Wanda ya kewaya shi ke dawowa gida ya ba da labari."

Ya kakkaɓe hannunsa.

"Da hannun nan na haƙa wa jikana rami a bayan gidan nan. Cikin masu dariyar, babu wadda ta riƙe min fartanya. Ki yi abin da zai bar min ke, ya bar min jikana."

Saura Philip. A lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, sai an je wajen Ozioma, wata 'yar kasuwa mai lema a bakin tasha, a can yake kira. Ranar da ya kira, muryarsa na zuwa tana ɓacewa kamar ta mutumin da ke magana a ƙetaren kogi.

"Saloma, bar zancen mutane. Ke me zuciyarki ke so?"

"So nake in ji kukansa, Philip. Shi ke nan."

Wayar ta yi shuuu na nisa, sannan muryarsa ta dawo.

"To ki sa ranar. Ina nan tare da ke."

Ranar da aka sa ta zo da yayyafi. Aka tura Saloma a gado mai taya, tana kallon rufin asibiti na wucewa a samanta. Tsoro ya kama ta. Wata nas ta riƙe mata hannu. Aka yi mata allura, fitilun sama suka fara narkewa kamar man shanu a rana.

Sai ta gan ta a cikin wata gonar dawa da ba ta da iyaka, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Can gaba wani yaro mai yalwar gashi na gudu yana waiwayowa. Ta gane shi nan take. Ta bi shi, ta kira, bai tsaya ba sai a bakin wani rafi mai haske. Ya juyo ya yi mata dariya, ya nuna mata bayanta da ɗan yatsa.

"Koma, Mama. Ana kiranki."

Ta waiwaya. Daga nesa wani sauti ke tasowa, siriri, mai naci, yana ƙara matsowa.

Ta buɗe ido. Kuka ne. Kukan jaririya, mai ƙarfi kamar za ta tsaga ɗakin. A bakin ƙofa Baba Yari na tsaye, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa.

Aka sa wa yarinya suna Jessica.

Jinya ta yi wuya. Dariya ciwo, tari ciwo, tashi daga gado sai da mataimaki. Masu zuwa barka ma ba su yi yawa ba. Maman Goodness ta zo, ta leƙa jaririyar, ta taɓe baki.

"To, barka. Ashe dai an ciro miki."

"An gode, Mama," in ji Saloma. Ta miƙa mata ruwan sha da hannu biyu.

Kwanci tashi, Philip ya dawo, Jessica ta fara tafiya tana kama bango. Wata rana da la'asar Saloma na shanyar kuɓewa a tsakar gida, sai ta ji sallama da wata murya ƙasa-ƙasa. Da ƙyar ta gane mai ita. Maman Goodness ce, ta rame, idonta ya faɗa.

Ta ƙi zama a kujera. A ƙasa ta zauna.

"Saloma, Goodness ce. Cikinta ya kai, ɗan kuma a gicciye yake. Likita ya ce ba zai fito ba sai da aiki, ya ce a yi tun naƙuda ba ta taso ba. Ta ƙi. Mijinta ya roƙa, fasto ya roƙa, ni ma na roƙa. Kin san abin da ta ce min?"

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba.

"Ta ce, 'Mama, ba ke kika ce wadda aka ciro mata ɗa ba ta haihu ba? Gara in mutu da in ba ki kunya.' Abin da na shuka a coci, a ɗakina ya tsiro. Ba ta jin maganata kuma. Wataƙila ta ji taki."

Saloma ta dakata da shanyar. Dariyar matan nan ta dawo mata a kunne sabuwa fil. Akwai magana a bakin harshenta, mai zafi, wadda ta daɗe tana ajiye da ita. Ta dubi tsohuwar da ke zaune a ƙasa, ta haɗiye ta.

Ta sunkuya ta goya Jessica.

"Tashi mu je, Mama."

Suka tarar da Goodness a kwance, fuskarta ga bango. Saloma ta roƙi kowa ya fita. Ta zauna a gefen gado, ta sassauta zanenta, ta kamo hannun Goodness ta ɗora a kan tabon da ke mararta.

"Taɓa ki ji. Wannan ne abin da kike tsoro."

Goodness ta shafa tabon a hankali.

"Yaya Saloma, da zafi?"

"Da zafi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ni na bi hanya biyun duka. Na yi naƙuda irin wadda ake yabo, na dawo gida da nono cike ba mai sha. Wannan zafin ba ya warkewa. Na tabon nan kuwa ya warke, ga kuma abin da ya bar min."

Jessica ta leƙo daga bayan uwarta, ta miƙa hannu ta cafke hancin Goodness. Dariya ta kuɓuce wa Goodness, daga dariyar sai kuka.

"Me mutane za su ce?"

"Za su ce, su gaji, su koma zancen farashin taki. Ke kuma kina nan da ɗanki."

Goodness ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Can ta ce, "In na yarda, za ki tsaya a bakin ƙofa?"

"Ba inda za ni."

Da safe aka shiga da ita. A barandar asibiti, matar nan mai murya kamar ganga ta kasa ko addu'a da ƙarfi. Gefen zanen Saloma ta riƙe gam, kamar ƙaramar yarinya a kasuwa. Lokaci ya yi ta ja kamar ba zai wuce ba.

Sai kuka ya tashi daga ciki. Nas ta leƙo ta ce namiji ne, uwa ma lafiya.

Maman Goodness ta zube a kan gwiwoyinta a gaban Saloma, gaban kowa da kowa.

"Ɗiyata, ki yafe min. Na haifi tara, amma sai yau na san abin da ake kira haihuwa."

Saloma ta kamo ta da hannu biyu ta ɗaga.

"Tashi, Mama, ba kyau. Jikanki ne ke kiranki."

Darasi: Haihuwa ba gasar jarumta ba ce. Mace ta haihu da kanta ko a yi mata aiki, uwa uwa ce, babbar nasara ita ce ta tashi da rai, ɗanta da rai. Mu kiyaye harshenmu, domin gorin da muka yi wa ɗiyar wani, ɗiyarmu na gefe tana saurare. A tura wannan labari ga 'yan'uwa mata da mazajensu da surukai, wataƙila akwai wata mai ciki da ke jiran ta ji shi yau.