Ruwan da Bai Kai Ɗari Ba

Akwai wata Laraba, da ƙarfe tara na safe, da aka tara ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a garin Horog da ke can kan duwatsu. Mutum ɗaya za a zaɓa ya je gasar kimiyya a Dushambe, babban birnin ƙasar, wanda ya yi nasara a can kuwa zai yi jami'a kyauta.

A cikinsu akwai Gulbegim, wadda ba ta da wata hanyar shiga jami'a sai wannan. Akwai kuma Nekruz, gwanin aji, wanda ya haddace littafin kimiyya kamar sunansa.

Malam Shodmon ya ba kowa ɗan ruwan wani sinadari daga wata kwalba da ya rufe sunanta da takarda. Ya ce, "Ku zuba a kwalbar gwaji, ku tsoma ta a tukunyar tafasasshen ruwa har sinadarin ya zama iska. Ku auna nauyin iskar da girman kwalbar, ku haɗa da zafi da matsin iska, lissafi zai faɗa muku wane sinadari ne."

Kafin shayin Malam ya huce, Nekruz ya gama. Zafin tafasa ya rubuta ɗari, matsin iska ma ya ɗauko na littafi. Amsarsa ta fito arba'in da shida.

"Itanol ne!" in ji shi. "Ga nauyinsa nan a jadawalin sinadarai, daidai wa daida."

Sauran ma abin da suka samu ke nan.

Ita kuwa Gulbegim ta tsoma ma'aunin zafi a tukunyar, ta zuba masa ido. Ruwa na ta ɓararraka, amma ma'aunin ya tsaya a casa'in da uku.

Nekruz ya leƙo. "Hawainiya, miya kike dafawa? Ruwa ai a ɗari yake tafasa, ko jariri ya san haka."

"Wannan ruwan dai bai sani ba," in ji ta.

Sai ta tuna mitar mahaifiyarta kullum: "Waken nan ya ƙi nuna! A gidan yayata can ƙasa, da tuni mun ci mun wanke hannu." Ashe littafin a bakin teku aka auna komai, su kuwa a kan duwatsu suke zaune, inda iska ba ta da nauyi sosai, shi ya sa ruwa ke tafasa tun bai kai ɗari ba.

"Malam, ina ma'aunin matsin iska?"

"Yana ɗakin malamai, 'yata. Amma lokaci ya kusa cika."

Ta ruga ta karanto, ta sake lissafi daga farko. Hamsin da takwas.

Ƙawarta Zebo ta yi mata raɗa, "Ke, goge mana! Duk ajin nan mahaukata ne, ke kaɗai ce mai hankali?"

In ta yi kuskure, jami'a ta wuce ta ke nan. Ta sake bin lissafin layi-layi, ba ta ga inda ta kauce ba. Ta miƙa takardarta a haka.

Malam Shodmon ya ɓare takardar jikin kwalbar a gaban kowa. Asiton ne, mai nauyin hamsin da takwas.

Nekruz ya daɗe yana kallon tukunyar. Can ya ce, "Hawainiya, ara mini ma'aunin nan in gani da idona."

Gulbegim aka tura Dushambe.

Darasi: Abin da ka haddace ba ya raba ka da duba abin da ke gabanka. Ka auna da hannunka, in ka tabbatar, kada yawan jama'a ya sa ka goge gaskiya. Ku tura wa ɗalibai da iyayensu, wataƙila wani na gab da goge amsarsa.